Tukwanen Roba da Suka Ƙi Ruɓewa: Nazarin Wani Gandun Reno a Bakin Rima

Kusan duk itacen da ake dasawa a Sakkwato da sunan yaƙi da hamada, cikin baƙar leda yake fara rayuwa. Dogon yaro, zogale, dakwara, gwaiba, mangwaro, duk hanya ɗaya ce: a cika leda da yashi da taki, a saka iri, a yi ta ban ruwa har damina ta kankama, sannan a kwasa zuwa filin dashe. A can ake sa reza a tsaga ledar a yar. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin ganuwar itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Kowane tsiro da ledarsa, kuma ba mai komawa ya tsince su. Iska ta ɗauka ta rataye a ƙaya, akuya ta zo ta haɗiye, mahauci ya tarar da dunƙulenta cikin tumbi.

Wannan ne ya sa wata ƙungiya mai dashen itatuwa ta kafa sharaɗi sa'ad da ta ba wani dattijo kwangilar reno a fadamar Kwalkwalawa. Ta ce ba ta son baƙar leda, ita za ta kawo tukwanen reno na roba mai ruɓewa, a dasa itace da tukunyarsa, ƙasa ta cinye. Dattijon ya shekara da shekaru yana wannan sana'a shi da 'ya'yansa. Bai yi musu ba, tunda aikin tsaga leda ma ya ragu.

Tukwanen da aka sauke iri biyu ne, don dillalin bai sami adadin da ake so daga wuri ɗaya ba. Kashi ɗaya fari ne, sumul, kana ɗan hango inuwar yatsanka ta bayansa. Wannan robar PLA ce zalla, wata roba da ake yi daga sitaci ko sukarin tsiro. Ɗaya kashin ruwan ƙasa ne, da kaushi, da ɗigo-ɗigo a jikinsa: PLA ɗin ce dai, amma an cuɗa ta da niƙaƙƙen ɓuntun shinkafa da zaren tsiro. Duka biyu akwai tambarin Turai mai nuna kaya na ruɓewa ya zama taki a kwalinsu. Ba wanda ya tsara gwaji, amma da yake an jera su a kangi ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, sai gwajin ya yi kansa.

A gandu, fararen ne suka yi suna. Ba su jiƙa ba, ba su yi funfuna ba. Aibinsu guda: waɗanda aka bari cikin shago mai rufin kwano a watan Afrilu, da waɗanda ke bakin layi inda rana ke duka, wasu sun lanƙwashe baki. Masu ruwan ƙasa kuwa tun kafin ruwan farko gindinsu ya fara taushi, funfuna ta yi musu fari-fari, gara ta gina a ƙarƙashin wasu. Ranar lodi yara suka riƙa ɗaukarsu da hannu biyu, duk da haka wasu suka zube gindi, ƙasa ta watse, saiwa ta fito fili. Dattijon ya ce waɗannan kayan banza ne.

Hukuncin ya juye bayan shekara. Da bazara ta zagayo aka je cike gurbin itatuwan da suka mutu a wani fili na tudu. Jami'in ƙungiyar, wani saurayi da ya karanta aikin gona, ya sa aka tona gindin wani dogon yaro da ya tsumbure bai mutu ba, bai kuma yi gaba ba. Farar tukunya ta fito cif. Aka buga ta a ƙotar fartanya, ta yi ƙara. Saiwa ta naɗe a ciki ta yi gammo, 'yan siraran da suka sami ramin yoyo ne kaɗai suka tsira zuwa ƙasa.

Dattijon ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, mi anka ce wagga tukunya za ta yi? Ga ta nan yadda munka sa ta. Ko gobe ina iya reno cikinta."

Saurayin ya ce, "Baba, haka sunka rubuta ga kwali, wai ruɓewa takai."

"To, ba ta ji ba."

Da aka tona masu ruwan ƙasa, sai aka tarar sun tsattsage, saiwa ta keta ta fita ta ko'ina, itatuwan kuma sun fi tsayi. Amma ba su ɓace ba. Gutsattsarinsu na nan a cikin yashi, wasu kamar faɗin farce, wasu sun fi haka, kana murzawa suna karyewa.

Abin da tambarin ya yi alkawari

PLA ba daga man fetur take ba. Sitacin masara ko sukarin rake ake ba wasu ƙwayoyin halitta su mayar da shi sinadari mai tsami, irin wanda ke sa nono ya yi tsami, sannan a harhaɗa shi ya zama dogayen sarƙoƙi. Babbar masana'antarta ta farko ta kamfanin NatureWorks ce a jihar Nebraska ta Amurka, wadda ta fara aiki a 2002. Akwai wata a Rayong ta ƙasar Tailan da aka buɗe a 2018, mai amfani da rake. Jin cewa daga masara take shi ke sa mutane su ɗauka za ta ruɓe kamar totuwa. Asalin abu daban, yadda aka saƙa shi daban.

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13432, ta shekarar 2000, ita ce tambarin ke nufi. Ta ce cikin mako 12 abin ya farfashe har abin da zai rage a kan rariya mai ido milimita 2 kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, cikin wata shida kuma kashi 90 na sinadarinsa ya koma iska. Amma ana yin gwajin ne a zafin da ya kai wajen digiri 58, da danshi a tsare, irin na masana'antar taki inda injuna ke juya tsibi. Ba a yi maganar rami a cikin yashi ba. Robar da aka yi don ta ruɓe a ƙasa tana da nata ma'auni, EN 17033 na 2018, wanda aka yi wa ledar shimfiɗa a gona, shi kuma har shekara biyu ya ba ta. Kwalin bai yi ƙarya ba. An dai ɗauki alkawarin juji aka kai shi gona.

Ba a Sakkwato aka fara wannan tuntuɓe ba. A 2019 masu bincike biyu a Jami'ar Plymouth ta Ingila, Imogen Napper da Richard Thompson, sun ba da rahoton jakunkunan da ake tallar suna ruɓewa, waɗanda bayan shekara uku a binne har yanzu ana iya zuba sayayya a cikinsu a ɗauka. A 2022 kuma wani bincike na Kwalejin Jami'a ta Landan, da aka yi da mutanen gari masu haɗa taki a bayan gida, ya nuna wajen kashi 60 cikin ɗari na robobin da ke da shaidar takin gida ba su gama watsewa ba.

Dalilin yana cikin yadda PLA ke mutuwa, kuma hawa biyu ne. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ba sa iya cin doguwar sarƙa. Sai ruwa ya fara shiga ya tsittsinka ta gajeru-gajeru, kana su samu abin kamawa. A zafin ɗaki robar a sandare take, sarƙoƙin a matse, ruwa na aikin amma a hankali ƙwarai, har a shekara ba a ga alama ba. Idan zafi ya kai digiri 55 zuwa 60 sai jikinta ya saki, ruwa ya kutsa, tsinkewa ta yi sauri. Guntayen da suka tsinke su ma masu tsami ne, tsaminsu kuma yana ƙara wa aikin gudu. Wannan zafin ne ya lanƙwasa bakin tukwanen a shagon kwano. Sai dai a shagon babu ruwa, don haka lanƙwasa kawai suka yi.

A nan Sakkwato ke yaudarar mutum. Duk wanda ya taka ƙasa ba takalmi da azahar a watan Afrilu zai rantse ba robar da za ta jure. Zafin iska ma yakan haura digiri 40. Amma a lokacin ƙasa a bushe take ƙayau. Ruwanmu na shekara, wanda galibi bai cika wuce milimita 700 ba, tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, lokacin da gari ya yi sanyi, ƙasan rami kuma ba ya kusantar digiri 55. Hunturu ya zo da sanyi da bushewa tare. Muna da zafi, muna da ruwa, amma ba sa kwana gida ɗaya. Farar tukunya ta ga bazara, ta ga damina, ba ta ga su a haɗe ba.

Aikin zare a cikin roba

PLA ba ta son ruwa, zaren tsiro kuwa shan ruwa ne aikinsa tun yana gona. Idan aka cuɗa su, kowane silin zare sai ya zama kamar lagwanin fitila, yana jawo danshi daga waje zuwa cikin naman robar, inda da ruwa ba zai kai ba. Zaren ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya motse, robar da ke kewaye da shi ba ta iya bin wannan rawa, sai ƙananan tsaga su buɗe. Funfuna da sauran ƙwayoyin halitta sun san zaren tsiro, abincinsu ne, sai su bi tsagar su cinye shi su bar ramuka. Tukunyar da da fuska biyu kawai take nuna wa ruwa, ciki da waje, ta koma mai dubban ƙofofi. Ga kuma lissafi mai sauƙi: duk gurbin da zare ya cike, roba ce ta ragu.

Abin da zare bai yi ba shi ne canza halin PLA ɗin kanta. Robar da ke tsakanin ramukan har yanzu tana jiran zafinta. Shi ya sa tukwanen masu ruwan ƙasa suka fashe amma ba su ƙare ba. Ga itace, fashewar ta wadatar, saiwa hanya take nema. Ga ƙasa, magana ba ta ƙare ba, don farfashewa daban, komawa iska da ruwa da taki daban. Ni a ganina nan ne masu talla suka fi wasa da hankalin mutane, suna nuna hoton abu ya dagargaje su ce ya ruɓe. Mafi muni ita ce ledar nan ta gama-gari da ake zuba wa wani sinadari don rana ta dagargaza ta, a buga mata koren ganye a jiki. Wannan gari kawai take zama, roba ce har gobe, kuma Tarayyar Turai ta haramta ta tun Yulin 2021.

Ko a ɗakunan bincike sakamakon bai zo baki ɗaya ba. Wasu haɗe-haɗen suna saurin watsewa sosai, wasu kaɗan. Wani zaren yakan sa sarƙoƙin PLA su jeru su ƙara matsewa a kewayensa, wannan ɓangare kuma ya fi wuyar ci. Idan masana'anta ta wanke zaren da sinadari don ya manne da roba sosai, kaya ya yi ƙarfi, to ta toshe tsagar da ruwa zai bi. Ƙarfi da saurin ruɓewa suna jan igiya ne, wanda ya samu ɗaya ya rage ɗaya. Gandun reno ya nuna haka ƙarara. Shi ne wuri guda da ake zuba ruwa safe da yamma a tsakiyar bazara, wato inda zare ya fi samun abin da yake so. Tukunyar ta fara mutuwa a inda ake son ta rayu, ta kuma yi jinkiri a tudu inda ake son ta mutu.

Jujin

Akwai ragowar tukwane iri biyu a gandu, da fasassun da aka tsinto. Saurayin ya kawo shawarar a gwada ba su abin da kwalin ya nema. Ba a yi tsibi a fili ba, don iskar nan takan busar da shi kafin ya ɗauki zafi. Rami aka haƙa a inuwar dogon yaro, faɗi da zurfi kowanne ya haura mita, don ƙaramin juji ba ya riƙe zafi. Aka riƙa jera kashin awaki da taroso, da ganyen albasa da ruɓaɓɓen tumatir daga kasuwa, da tattakar shinkafa, ana yayyafa ruwa hawa-hawa. Tukwanen aka daddatsa su aka watsa a tsakiya, aka rufe da tsohuwar zana.

Ma'aunin danshi hannu ne. Ka damƙi takin ka matse: in ruwa ya tsiyaya ya yi yawa, in ya watse da ka buɗe hannu ya yi kaɗan, in ya dunƙule ya bar maka laima a tafi ya yi daidai. Ma'aunin zafi kuwa guntun rodi ne da aka soka har tsakiya. Bayan 'yan kwanaki ƙaramin ɗan dattijon ya zaro shi, ya kama, ya saki da sauri yana yarfe hannu. Da aka ɗaga zana da asuba tururi na tashi. Duk mako ana juyawa da shebur, na gefe ya koma ciki, a ƙara ruwa.

Masu ruwan ƙasa ne suka fara tafiya. A juyi na uku ko na huɗu sai ka nema kafin ka ga guntu, in ka samu kuma ya yi laushi, ɓuntun na zubowa daga jikinsa. Fararen sun fara da canza kama, hasken nan ya tafi suka yi fari fat, sannan suka yi gautsi, kana dannawa su ruguje. Su ma sun bi sahu, a makare. Da takin ya huce aka tankaɗe shi da rariya, abin da ya fi tsayawa a kai ba roba ba ne, ɓuntun shinkafa ne. Sai 'yan guntayen da suka maƙale a bangon ramin inda zafi bai kai ba, farare da masu ruwan ƙasa duka, kusan yadda aka sa su.

Rariya ba ta tabbatar da cewa robar ta koma iska, ido kawai ta gamsar. Tabbatarwa sai an auna iskar da ke fita a ɗakin gwaji. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana nan kusa da fadamar, kuma wannan aiki ne da ya dace da ɗalibin kimiyyar ƙasa mai neman abin rubutawa. Amma jujin ya nuna abin da ake buƙatar sani don yanke shawara: inda zafi da danshi suka haɗu, zare ya rage kwanaki, inda ba su haɗu ba, zare ya fasa tukunya kawai.

Wane zare?

Ɓuntun da ya tsaya a rariya ya tayar da tambaya. Shi ne mafi arha, ga shi tsibi-tsibi a bayan kowane injin casa daga Goronyo zuwa Wurno. Amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa silika ne, dangin yashi, ga shi da yawan sinadarin nan mai taurara itace. Don haka ne ba ya saurin ruɓewa, dabba ma ba ta ƙaunarsa. Yana buɗe wa ruwa hanya, yana rage kuɗin roba, amma ba shi ne gwani ba.

Rama ta fi shi. Zaren ɓawonta, wanda kakanninmu ke tufka igiya da shi, dogo ne, mai ƙarfi, mai shan ruwa, ba shi da wannan yashi. Mutanen Japan sun riga sun haɗa ta da PLA: kamfanin Toyota ya yi murfin tayar ajiya da haɗin a motarsa Raum a 2003, NEC kuma ya yi jikin wayar hannu da shi a 2006. Su ƙarfi suke nema, mu ruɓewa, amma tsiron ɗaya ne da wanda ake kwaɗo da ganyensa. Akwai kuma tuƙar rake bayan an matse. Karan gero da na dawa suna da zare, sai dai ban ga dalilin sa ido a kansu ba. A ƙasar nan kara ba shara ba ne. Danga ce, rufi ne, makamashi ne, abincin shanu ne a ƙarshen rani, kuma wanda aka bari a gona shi ke hana iska kwashe ƙasa. Harawa kuwa kuɗi ce a daure.

Haɗa zare da roba ba aikin tsakar gida ba ne. Sai an busar da zaren sarai, don in da laima a jikinsa zai fara tsinka robar tun tana cikin injin narkarwa, kayan su fito da rauni. Ba a kuma barin wuta ta haura digiri 200 sosai, zaren zai ƙone. Bushewa dai muna da ita kyauta rabin shekara. Abin da ba mu da shi a kusa shi ne PLA ɗin, wadda manyan masana'antunta ke Amurka da Tailan da Sin, kuma ta fi ledar gama-gari tsada. Ga mai reno da ke sayar da tsiro a kan 'yan kuɗi kaɗan, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba don ƙungiyar ce ke biya ba, dattijon ba zai taɓa sayen tukwanen da kuɗinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yadda aka tsayar

Da aka zo sabunta kwangila, an raba aikin gwargwadon daɗewar tsiro a gandu. Zogale da ire-irensa, waɗanda ba sa wuce 'yan makonni kafin dashe, za su shiga tukwane masu zare, a ɗora su a kan shimfiɗa don gara, ranar dashe kuma a tsaga gindi da gefe da wuƙa ko da tukunyar ta yi laushi. Fararen da suka rage ba za a sake binne ko ɗaya ba. Za a zare tsiron a dawo da tukunyar a sake reno cikinta, yadda dattijon ya faɗa tun farko, in ta fashe ta tafi juji. Mangwaro ɗan aure, wanda kan kusa shekara a gandu ana ban ruwa, ya koma baƙar leda, don ba tukunya mai zare da za ta kai shi. Sharaɗin shi ne kowane mai dashe ya tafi da buhu, a ƙirga leda a dawo da ita kafin a biya shi.

An fi daɗewa a kan jujin. Juyawa da ban ruwa aiki ne, famfon da ke jawo ruwa daga fadama kuma mai yake sha. Dattijon ya ce shi reno aka ba shi, ba aikin bola ba. Saurayin ya ce ai takin da ya fito nasa ne, kuma da ma sayensa yake yi a amalanke. A ƙarshe ƙungiyar ta ɗauki kuɗin mai, gandu ya ɗauki juyi, taki ya zama na gandu. An kuma rubuta wa dillalin cewa odar gaba sai ya faɗi irin zaren da ke ciki da yawansa, ya kuma turo takardar da ke nuna a wane zafi aka gwada kayan.